Wutsiyar Naman Kaza

Ni 'yar Dogondoutchi ce, kuma a garinmu duk abin da ya tsiro da hula bayan ruwa sunansa lemar kwaɗi, ba mai kai shi kusa da tukunya. Sai da aure ya kawo ni Djougou na ga mata suna cinsa har da lasar yatsa. Maƙwabciyata Inna Mariatou, wata dattijuwa 'yar ƙabilar Yom, ita ta fara ba ni naman kaza a miya. Sau biyu na bi ta kurmin bayan gari, na ga tana tono fararen nan da ke fitowa a gindin suri. Sau biyu kacal, amma kaina ya kumbura, na ɗauka na zama gwana.

Ranar Talata da safe, bayan an sha ruwan sama, na tafi ni kaɗai. Inna da tsinke take tono, ta kwaso har da ƙasa, abin da ni nake gani ƙazanta ce. Ni kuwa 'yar mahauci, wuƙa na sa, na yanke kowanne daidai ƙasa, tsaf. Na yi miya, na daka sakwara, na zuba wa maigidana Rachidou, Baban Ismail, a kula. Direba ne tsakanin Djougou da Parakou, kuma ba ya cin abinci sai ya sauke fasinja.

Da ya tafi na kai wa Inna ragowar ɗanyen, ba don komai ba sai don ta yaba mini. Ta juya ɗaya, ta juya na biyu, ba ta yi murmushi ba.

"Roukaya, ina wutsiyar?"

"Wace wutsiya, Inna?"

"Na suri yana da wutsiya doguwa, har cikin gidan gara. Da ita ake gane shi. Akwai wani fari kamarsa, shi gindinsa cikin jaka yake, kamar ɓawon ƙwai. Wannan kisa yake yi. Kin dafa?"

Na ce na dafa, kuma miyar tana hanyar Parakou.

Na kira Rachidou, wayar ba ta shiga ba. Na sake kira, haka. Inna ta ce ita ba ta rantsuwa a kan hula, sai ta ga gindi, don haka muka tari ɗan zemijan, mai babur ɗin haya, ya kai mu bakin kurmi. Duk hanya ina lissafi: ya tashi ƙarfe goma, yanzu sha biyu saura. Ina zagin wuƙar, ina zagin tsaftata, ina zagin kaina da na yi wa rogo kallon kitse.

Guntayen da na bari suna nan a gindin surin. Inna ta durƙusa tana tono a hankali, ni kuma ji nake kamar in fizge tsinken. Na farko ya fito da wutsiya ta kai tsawon tafin hannu. Na biyu ma. Har sha ɗaya. Na fara samun numfashi.

"Nan kaɗai kika yanka?"

Na so in ce e. Wallahi na so. Amma akwai uku manya da na samu can gaba, ƙarƙashin wata bishiya, inda babu suri ko na rantsuwa, kuma su na fara jefawa a tukunya don sun fi kyau. Na nuna mata wurin. Ta soka tsinke, ta ɗago ƙasa. Wani farin dunƙule ya fito, an lulluɓe shi da fata mai laushi, ba wutsiya. Inna ta goge hannunta a ciyawa.

Na sake kiran Rachidou. A karo na huɗu ta shiga, na ji hayaniyar tasha.

"Baban Ismail, ka ci?"

"Mi ya faru? Yanzu na wanke hannu, babu rezon waya ne bisa hanya."

"Kar ka ci! Don Allah kar ka taɓa, kar ka ba kowa. Zubar a rami ka rufe!"

Ya fara dariya, sai ya ji ina kuka, ya daina. Na riƙe wayar a kunne har ya ce ya zubar, ya rantse ko lomar farko bai kai baki ba. Na zauna a jiƙaƙƙiyar ƙasa ina ta alhamdu lillahi.

Inna ba ta zauna ba. Tana tsaye tana kallona.

"Ɗiyata, ke da kika dafa, da me kika gane gishiri ya ji?"

Sau uku na ɗanɗana. A na ukun har da yanka guda, don in ji ko ya nuna.

"Amma ba abin da nake ji, Inna."

"Shi ba ya magana ranar farko," ta ce. Ta ƙulle dunƙulen a bakin zaninta don nuna wa likita, ta ƙwala wa mai babur kira.