Baƙin Bangon Zauren Hajiya Ya Gana

"Ƙara shafa can sama, Maman Vanessa, allon ya koɗe," in ji Hajiya Ya Gana daga kan tabarma.

Priskila, wato Maman Vanessa, ta sake tsoma tsumma cikin jiƙaƙƙen gawayi. Ikon Allah! Ma'aikaciyar jinya guda, ko farin kayan aiki ba ta cire ba, ga ta kan kujera tana baƙanta bangon maƙwabciya. To, wa ya isa ya ce wa Hajiya a'a? Tsohuwar ta ƙi komawa asibiti, ta ce a zaurenta za a kwantar da ita, inda ta tsufa tana koya wa 'yan mata masu talla karatun boko bayan la'asar. Ɗanta Najmuddeen kuwa duk unguwa an san nufinsa: tana rufe ido, zauren zai zama shagon cajin waya.

"Kin san a Iran ma a gida aka fara makarantar 'yan mata?" Idon Hajiya a lumshe yake. Tun tana amarya ta ji labarin a rediyo, bai kuma sake ta ba. "Wata mata ce ta buɗe wa 'yan mata ɗakinta. Aka zage ta, aka jefi ƙofarta. Ta rufe, ta sake buɗewa."

"Kin sha gaya mini, Hajiya."

"Ɗazu na je can. Ta nan zauren na bi, sai ga ni a tsakar gidanta. Akwai bishiyar rumman, iska kamar ruwan randa. Ta tambaye ni wa zan bar wa yarana."

"Me kika ce mata?"

"Na ce ga ta can kan kujera, ta ɓata farin kayanta."

Priskila ta dubi farin kayanta. Tsoro ya kama ta, tausayi ya bi baya.

Washegari da hantsi Hajiya ta cika.

Bayan sadakar uku aka naɗe tabarmin makoki, Najmuddeen ya zo da kafinta don a auna wurin kanta. Suka tarar da farantan gyaɗa da na awara jere a bakin ƙofa, 'yan mata zaune a ciki, Priskila tsaye da alli.

"Anti, me ke nan?" in ji Najmuddeen.

"Yara ne suka zo. Na kasa korar su."

Ya dubi bangon. Can ƙasa, daidai inda hannun mai kwance zai kai, sawun yatsun mahaifiyarsa na nan cikin gawayin. Ya daɗe yana kallo. Kafinta ya yi gyaran murya, bai ji shi ba.

Sai Najmuddeen ya sunkuya ya cire takalmansa, ya ajiye su kusa da farantan talla, ya shiga ya zauna a bayan yaran.