Hoto na Arba'in da Biyu a Ƙofar Ozell

Mutanen da wannan labari ya shafa huɗu ne. Akwai Lemuel Tubbs, tsohon direban bas a birnin Chicago, wanda ya koya wa kansa ɗaukar hoto. Da ƙanwarsa Vernita, wadda suke zaune gida ɗaya tun rasuwar mijinta. Da amininsa Ozell Pickett mai shagon aski. Sai Thaddeus, mijin 'yar Ozell, wanda aikinsa a nan bai wuce tuƙa motar kaya ba.

Lemuel bai taɓa zama gaban malamin hoto ba. Tsohuwar kyamara ya saya yana matashi, ya yi ta lalata fim ɗin ɗaukar hoto har hannunsa ya faɗa. Baƙi da fari kaɗai yake ɗauka, kuma a kan titi kaɗai. Dokoki biyu ya kafa wa kansa. Ta farko, idan ya ɗura fim ya ja hannun kyamara, lalle ne ya ga 'yar murɗar da ke gefen hagu ta juya, domin ita ce shaidar cewa bakin fim ya kama. Ta biyu, ba ya ce wa ɗan Adam ya tsaya a ɗauke shi. A ganinsa, da zarar mutum ya san ana kallonsa, to ya tafi, rigarsa kawai ya bari.

Kowace shekara, ranar Asabar ta farko a watan Oktoba, yakan tsaya ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa ya ɗauki ƙofar shagon Ozell daga tsallaken titi. Hotuna arba'in da ɗaya ke jere a bangon gidansu. A shekara ta arba'in da biyu hukuma ta yanke shawarar rushe layin shagunan duka, kuma Asabar ɗin ta zama ranar aikin Ozell ta ƙarshe.

Da safiyar ranar yatsun Lemuel suka tashi a kumbure. Ya daɗe yana fama da bakin fim a kan teburin cin abinci.

"Yaya, kawo in saka maka," in ji Vernita.

"Ke da zare ma ya gagare ki sa wa allura?"

"Allurar yanzu ce ba ta da ido. Ka sha maganinka kuwa?"

Ya rufe bayan kyamara, ya ja hannunta sau biyu, idonsa yana kan ƙwayoyin da take miƙo masa. Bai dubi murɗar ba.

Tun hantsi yake tsaye a wurinsa. Ya ɗauki tsofaffin da suka zo askin ban kwana sanye da hulunan coci. Ya ɗauki Thaddeus yana kwance sandar nan mai ja da fari, alamar shagon aski, daga jikin bango. Ya ɗauki kujerar aski lokacin da aka fito da ita, Ozell yana biye da ita da tsumma a hannu, yana goge ta har bakin mota. Hasken ranar ya yi masa yadda yake so, gwiwoyinsa suna zugi amma bai zauna ba.

A cikin bas, kan hanyar gida, ya ce bari ya ƙarasa abin da ya rage na fim ɗin. Lambar da ke ƙirga hotuna ta nuna talatin da shida, inda fim ke ƙarewa, amma hannun kyamara bai cije ba. Ya sake ja, ya tafi sumul. Ya sake. Sai ya sa yatsa ya juya murɗar, ta juya sakayau, ba abin da ya riƙe ta. Fim ɗin bai motsa ba tun daga teburin cin abinci. Duk yinin nan iska ya ɗauka.

Ya zauna har bas ta wuce tasha biyu, yana jin cewa da ya tafi gida ya kwanta, ba wanda zai tuhume shi. Daga bisani ya buɗe kyamarar a kan cinyarsa, ya ɗura sabon fim a hankali, ya ga murɗar ta juya, ya sauka ya koma da ƙafa.

Ya tarar da Ozell zaune a kan akwatin madara a bakin shago, yana jiran Thaddeus ya dawo ya ɗauke shi. Shagon wayam, ko madubi babu.

"Tsoho, me ka manta?" in ji Ozell.

"Fim bai kama ba."

"Wato me?"

"Wato ban ɗauki komai ba."

Ozell ya dube shi ya daɗe, sannan ya yi dariya har da tari. "Shekara arba'in kana cika mini kunne da wannan 'yar murɗa. Ni da ban taɓa riƙe kyamara ba na haddace ta."

"Kai ma ka taɓa yanke wa limamin cocinku kunne."

"Shi ya motsa." Ozell ya miƙe, ya gyara wuyan rigarsa. "To, gaya mini inda zan tsaya. Ga ni, ga ƙofa. In riƙe almakashi? Akwai ɗaya a aljihuna."

Lemuel ya dube shi a tsaye, ƙirji a gaba, haɓa a sama, kamar mai neman aikin soja. Abu ne mai sauƙi. Ba wanda zai san bambanci sai shi, kuma shi ɗin ya gaji.

"Zauna, Ozell. Wannan ba kai ba ne."

"To wane ne?"

"Ban san shi ba. Ba zan rataye baƙo a bangona ba."

"Taurin kanka ne zai kai ka kabari, ba ciwon ƙafa ba."

Lemuel ya tsallaka titi ya zauna a kan dakalin gadar, kyamara a cinya. Rana ta yi ƙasa, inuwar gadar ta fara cin ƙofar shagon. Ya san idan ta rufe ta, shi ke nan. Jirage biyu suka wuce ta samansa. Ozell ya daina kallonsa, ya koma kallon takalmansa.

Da motar Thaddeus ta tsaya, Ozell ya tashi ya nufe ta. Ya kai rabin hanya sai ya dafa aljihu, ya juya. Ya koma ya ja ƙofar shagon da babu ko tsinke a cikinsa, wanda za a rushe ranar Litinin, ya sa makulli ya murɗa, sannan ya girgiza ta sau biyu ya tabbatar ta kullu, kamar yadda yake yi kowace yamma.

Lemuel ya danna sau ɗaya. Da ya ja hannun kyamara, murɗar ta juya.

Hoton ya fito da ɗan dishi-dishi, kuma rabin bayan Ozell yana cikin inuwa. Vernita ce ta buga ƙusa ta rataye shi a ƙarshen jerin, ta ce ya fi sauran duhu. Lemuel ya ce haka ne. Ya ajiye kyamarar a kan tebur, ya kwana biyu bai fita ba.

Iyakar abin da na sani ke nan. Ni ban riƙi alƙalami ba sai da furfura ta fito mini, saboda haka duk wanda ya ga inda na karkace, a suna ko a zance, ina roƙonsa ya miƙe shi.