Hannuwana Sun Kai Ni Ƙara

Mafarkin nan da rana tsaka na yi shi, jiya bayan azahar, cikina babu komai.

Ga dalilin rashin cin. Shekara talatin da ɗaya muna cin tuwo a akushi ɗaya a zauren Nomau mai goro, mu biyar. Shekaranjiya Nomau ya sa aka zuba mini nawa daban, a kwanon roba, da cokali. Wai saboda hannuna. Ni majemi ne, jimar fata sana'ata. Wata uku ke nan hannun ya tsattsage, yana ƙaiƙayi, tsakanin yatsu yana fitar da ruwa. Na sa takalmina na fita. A gida ma na ƙi ci.

Da barci ya ɗauke ni sai na gan ni a wani gari inda motoci ke tsaye, titi ne ke tafiya. Na hau titin. Ya sauke ni a ƙofar wani ofis. Ban iya boko ba, amma allon ya karanta kansa da ƙarfi: Hukumar Kula da Hannuwa.

Maigadin ƙadangare ne, da kaki. Ya ce hannuwa layinsu daban, masu su layinsu daban. Na cire nawa kamar yadda ake cire takalmi a ƙofar masallaci. Suka tafi a kan yatsu, ba su ko waigo ba. Abin ya ɓata mini rai. Ni na rene su.

Layin hannuwa ya fi na gidan mai tsawo. Ga na masu wankau da omo ya cinye. Ga na birkiloli da siminti ya ƙone. Ga na wata nas da yawan wankewa ya busar. Ƙadangaren ya ce a duk mutum goma sai ɗaya ya biyo ta nan. Na ce to ina suke ɓuya a gari, ban cika ganinsu ba. Ya ce, "Baba, aljihu don me aka yi shi?"

A namu layin masu magani ne suka cika wurin. Wani yana tallar man shafawa mai maganin cuta tara, fuskarsa launi uku. Can na hango Barau makanike, ɗaya daga cikin mu biyar, sanye da farar rigar likita. Shi ma ba hannu. Da baki yake nuna wa mutane abin da za su shafa.

Sai ga ni a kotu.

Alƙalin sandar sabulu ne. Duk maganar da ya yi sai ya yi kumfa ya ragu. Magatakarda ya ce a gaggauta, in alƙali ya ƙare shari'a ta ƙare, kowa ya zauna da abin da ya zo da shi. Na gane: ni kwanon roba ke nan har kabari.

Hannuwana ne masu ƙara. Na dama ya fara magana. Ya ce shekara arba'in suna cikin ruwan toka da bagaruwa, ba su taɓa kuka ba. Sai bana maigida ya sayo wata farar hoda mai zubar da gashin fata a kwana ɗaya, ya riƙa dama ta da su tsirara. Ya ce sun sanar da ni ta hanyar ƙaiƙayi, na sosa su da marfin kwalba. Suka ƙara sanarwa, na zuba musu man birki da shawarar Barau. Na hagu ya ce kada a manta da ruwan batir. Ya kuma ce an ba ni labarin likitar fata a asibiti, na ce ba zan miƙa wa sa'ar jikata hannu ba.

Alƙali ya tambaye ni abin da zan ce. Na ce sammu ne. Aka aika a kira Sammu. Ya aiko da takarda, wai yana hutun shekara tun kafin azumi. Na ce to jini ne. Jini ya leƙo ta taga ya ce shi bai san zancen ba, hawan da yake yi wa Nomau ma ya ishe shi.

Alƙali ya koma kamar akwatin ashana.

Aka shigo da shaida. Akushin ne, da rawani, abokan cin tuwona huɗu suna take masa baya. Miyar tana tashi daga cikinsa tana ɗiga a rufin kotu. Nomau ya ce su ba ƙina suke yi ba, tsoron ɗauka suke yi, suna da iyali.

Wata ƙadangaruwa mai tabarau ta ɗauki hannuwana ta jujjuya. Ta ce ba ƙazuwa ba ce, ba makero ba ne. Waɗannan su ake ɗauka. Wannan kirci ne, hodar ce ta jawo shi, man birki ya ƙarasa. Ta ce ko shekara ɗari za mu yi a akushi ɗaya ba zai tsallaka wa kowa ba.

Na dubi Nomau. Nomau ya dubi rufi, ya ce, "A rubuce muke so."

Aka rubuta. Saura in dangwala. Babban yatsana ya naɗe kansa ya ce sai an cika sharuɗɗa. Safar roba a wurin aiki. Man kaɗe bayan kowace wankewa. A je wa likita a karɓo abin da ta rubuta. Man birki a bar wa mota. Na ce na ji.

Ya ce, "Saura ɗaya, maigida. Ka faɗa a gabansu: na yi kuskure."

Na ce ubana bai taɓa faɗa ba.

Ya ce, "Ubanka bai sayi hoda ba."

Alƙali ya koma kamar ƙwallon dabino. Tuwon akushi yana raguwa, ba a ga mai ci ba. Barau ya sunkuyar da kai. Nomau ya matso da kunne. Na gyara tsayuwa, na buɗe baki, na ce, "Na yi..."

Ƙarar taɓarya ta tashe ni. Gwamma matata ce ke dakan daddawa a tsakar gida. Hannuwana suna nan inda suke, suna ƙaiƙayi. Maganar nan ban ƙarasa ta ba. Ina so a san wannan.

Na kira Gwamma. Na tambaye ta wace rana likitar fata ke zama. Ta ce Talata, ta tsaya tana kallona. Na ce ba ni ba ne, Barau ne yake tambaya.

Ta ɗauki taɓaryarta ta ce, "To Malam, ka tafi masa da hannunka a duba."