A Gyara Min Samfur

Sau uku na saka samfurin nan a na'ura, sau uku tana ba ni amsa ɗaya. Na tashi, na zauna, na sake tashi. Na wanke kwalaben da na riga na wanke tun safe. Sha ɗaya saura kwata, kuma ƙarfe huɗu Manaja yake son ganin takarda a kan teburinsa da sa hannuna a ƙasa.

Aikina a masana'antar nan gwaji ne. Saiwar wani tsiron magani da ake kira jinsen ake kawo mana ɗanya, a wanke, a turara, a busar har ta yi ja ta yi tauri, sannan a tura wa masu haɗa magani. Ni kuma a ba ni garinta, in jiƙa a sibirit, in tace, in ɗura a 'yar kwalba in miƙa wa na'ura. Ita ce take zana min layi a fuskar kwamfuta, ya kwanta ya tashi. Duk inda layin ya yi tudu, wani sinadari ne na cikin saiwar. Tudu uku muke dubawa. In sun yi tsawo, kaya sun yi kyau. In sun kwanta, an kashe amfanin a wuta, ko kuma tun asali babu shi. Na'ura ba ta san ɗan kowa ba, abin da ya sa nake son ta ke nan. Amma ranar nan, wallahi ji na yi kamar in fizge wayarta daga bango.

Don mai turara saiwar nan mahaifina ne. Shekara ashirin da shida Baba yana ɗakin turara. Ba ya duba agogo. Ya ɗaga murfin tukunya, ya shaƙi tururi, ya latsa saiwa da babban yatsa, ya ce a sauke ko a ƙara. Wata biyu da suka wuce aka kawo sabon injin turara mai auna zafi da lokaci da kansa, Manaja ya ce ba za a riƙe biyu ba. A gwada na inji, a gwada na Baba, wanda ya gaza a rufe shi. In na Baba ne, a yi masa taron godiya a ba shi agogon bango. Mutumin da bai taɓa duba agogo ba!

To ga sakamako a gabana. Tudun inji uku a tsaye ƙyam. Na Baba kuwa sun gaza da kusan kashi ɗaya cikin uku.

A ƙasan kowane tudu akwai wani siririn layi da ake ja da linzamin kwamfuta. In ka ɗan saukar da shi, tudu ya ƙara girma a lissafi, kuma ba kowa zai gane ba. Na ɗora hannuna a kan linzamin. Na janye. Na sake ɗorawa. Na tuna wa ya biya min makarantar da na koyi wannan aikin, na kuma tuna abin da zai ce in ya ji da ƙarya aka bar shi a ɗakinsa. Na cusa hannun a aljihun farar rigata kamar ya yi min laifi.

Sai ga Manaja ya leƙo.

"Malama, ya ake ciki?"

"Ana kai, ranka ya daɗe."

"Na san abin da nauyi. In kin ga ba za ki iya ba, sai in aika da shi waje a gwada."

"Zan iya," na ce, da ƙarfin da ya fi wanda na yi niyya. Ya ɗaga gira ya ja ƙofa.

Haushi ne ya sa na ɗauko ambulan biyu da samfuran suke ciki na zazzage ragowar garin a kan farar takarda, kusa da taga, don dai in sami abin yi da hannuna. Nan na tsaya. Garin inji yana da ɗigo-ɗigo masu duhu a ciki. Na Baba kuwa launinsa ɗaya ne, fes, ya fi haske. Saiwa ɗaya ce daga gona ɗaya. Me ya kawo bambanci?

Ban ma cire safar hannu ba na sauka ɗakin niƙa. Iya Mai Niƙa tana share bakin injinta da buroshi.

"Ke kuma lafiya, kin faɗo min kamar an koro ki?"

"Iya, samfurin Baba, yaya kika niƙa shi?"

"Yadda nake niƙa na kowa mana. Ko ni ma za a kawo injin da zai maye ni ne?" Ta yi dariya ita kaɗai. "Ai ni tunda nake ban ga saiwa mai kyan ta tsohonki ba. Sumul-sumul, ba gashi, ba ɓawo, sai ƙyalli take. Har na ji tausayin niƙa ta."

"Ba ɓawo?"

"Ko kaɗan."

Innalillahi. Duk wanda ya yi wata ɗaya a ɗakin gwaji ya san amfanin jinsen a ɓawonta da siraran gashin jikinta ya fi taruwa. Tsakiyar galibi gari ne kawai. Wanda ya kankare ɓawo ya yanke gashi, ya zubar da rabon da na'ura take nema.

Kuma na san bakin wa ya jawo. A ƙa'ida ni ce zan je da kaina in cusa hannu cikin buhu in ɗebo abin da hannuna ya kama. Na inji haka na yi. Amma na Baba, kunya ta hana ni. In shiga ɗakinsa a gaban abokan aikinsa ina kwance masa buhuna, kamar ina tuhumarsa? Sai ranar Litinin, muna rabuwa a bakin ƙofar masana'anta, na ce, "Baba, a gyara min samfur." A wurinmu masu gwaji, gyara samfur shi ne ka ɗiba, ka sa a ambulan, ka rubuta lamba. Shi ke nan. Na manta da wa nake magana.

Na sami Baba a kan bencinsa, tururi ya jiƙa masa gaban riga.

"Uwata, yau ke ce a ɗakinmu?" Sunan mahaifiyarsa gare ni, haka yake kirana ko a gaban Manaja.

"Baba, saiwar da kuka ba Iya, me kuka yi mata?"

"Gyara ta na yi, yadda kika ce." Har fuskarsa ta washe. "Na zaɓo manya guda goma. Na yanke musu gashi, na kankare dattin bayan da 'yar wuƙata. Ta yi tauri fa, sai da na yi awa biyu. Kin ga yadda ta fito?"

Na buɗe baki in yi faɗa, don faɗan yana nan a maƙogwarona tun safe. Sai na ga babban yatsansa da filasta. Faɗan ya koma ciki.

"Ina abin da kuka kankare?"

"Ga shi can a gwangwanin madara. Ba na zubar da abu."

Na juya na haura ofishin Manaja da gudu, matakala bibbiyu. Na faɗa masa komai a tsaye, ban rage ba. Na ce samfurin bai inganta ba, kuma laifina ne, ni na karya ƙa'ida.

Ya dube ni.

"Kin san wannan sai ya shiga fayil ɗinki?"

"Na sani."

"Kuma kin san yadda zai yi kama? 'Ya ta ga ubanta ya faɗi, ta ce a sake."

"Shi ya sa nake so ku ɗebo da hannunku, ranka ya daɗe. Ku zaɓi buhun da kuka ga dama."

Ya duba agogonsa. "Ƙarfe huɗu tana nan yadda take."

Muka sauka ɗakin turara, Manaja da kansa ya zaɓi buhu na can ƙasa, ya kau da kai, ya cusa hannu har gwiwa. Abin da ya fito ba kyan gani: ƙanana da manya, a murɗe, gashi buzu-buzu. Baba ya dube su ya dube ni, na ga ransa ya sosu.

Iya ta niƙa. Na jiƙa, sai an jira awa guda. Na tace, garin sauri na ɓarar da kwalbar farko, na tsine wa kwalbar, na ɗura wata. Uku saura minti biyar na danna na'ura. Minti hamsin take ɗauka, kuma ba ta san sauri ba. Na zagaya teburin nan ban san sau nawa ba. In wannan ma ya gaza fa? To ya gaza ke nan da gaskiya, kuma ni zan sa hannu.

Aka ƙwanƙwasa. Baba ne. Bai taɓa shiga ɗakin gwaji ba. Ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa, na ce ba sai ya cire ba, ya ce a'a. Ya tsaya a bayana, hannuwa a baya, yana kallon layin da bai san karatunsa ba.

Tudu na farko ya taso, ya yi daidai da na inji. Na biyu ya ɗan gaza. Na uku shi ne wanda ba ya fitowa sosai sai turarawa ta yi daidai. Layin ya fara hawa. Ya kai inda na inji ya tsaya. Bai tsaya ba. Na dafe bakin tebur ina kallo har ya juyo, na haɗa lissafin ukun sau biyu, sannan na yarda. Na Baba ya wuce.

Kuka ya zo min ba shiri, irin mai majina, a gaban na'ura da komai.

"Uwata, faɗuwa muka yi?"

"A'a, Baba. Kun wuce."

Ya matso ya ƙura wa tudun ido. "Wannan na mai dattin ne?"

"Shi ne."

Na buga takarda, na sa hannu, huɗu saura minti bakwai. Na miƙe zan fita, sai ya sa hannu a aljihu ya fito da gwangwanin madarar nan, ya ajiye a kan teburina a hankali, kusa da kwalabe.

"Ni dai so na yi kada ki ji kunyar aikin ubanki a gaban mutane," ya ce. "Riƙe wannan. Ashe mai kyan ne na hana ki."