Ranar Tsayuwa a Bayan Mainasara

A zamanin Turawa, shekarar da aka ce kowane ƙauye ya fitar da wakili zuwa majalisar gunduma, Malam Ladan ya rame ba don ciwo ba. Ɗansa Mainasara, magidanci mai 'ya'ya biyu, shi ƙungiyar 'yan gayya ta ƙauyensu, can tsakanin Lambara da Horo Birni, ta tsayar. Buƙatarsu ɗaya ce: a daina kwasar mutane aikin hanya ana tsakiyar noman gero.

Dagaci kuwa ya tsayar da surukinsa Idi. Zaɓen ba a ɓoye yake ba, kowa zai tashi ya tsaya a bayan wanda yake so, dagaci na kallo. Kuma ya riga ya aika wa Ladan cewa fadamar da Mainasara ke noman albasa aro ce, mai ba da aro kuwa yana iya karɓar abinsa.

Ladan ya sami Ɗantani, sarkin gayya, yana gyaran ƙotar galma.

"Kun tura min ɗa gaba," in ji shi. "Gobe kowa ya noƙe, ku bar shi tsaye shi ɗai kamar turke a gona."

"Malam, wa yac ce maka muna noƙewa?"

"Na san mutanenmu. Kowa na so, amma babu mai tashi na hwarko. Na hwarko shi dagaci ka riƙewa a rai."

Ɗantani ya yi dariya. "To, ran gayya wa ka hwara sara? Ka taɓa gani?"

Ladan bai taɓa gani ba. Ran gayya makaɗi ke buga ganga, galma sittin su faɗi ƙasa lokaci guda.

Washegari da hantsi malamin zaɓe ya iso daga Bodinga a kan keke, ya zauna kusa da dagaci a ƙarƙashin tsamiya. Aka tsayar da Idi a dama, Mainasara a hagu. Malamin ya ce, "To, jama'a, bisimilla."

Mutanen gidan dagaci suka miƙe, suka jeru a bayan Idi. Sauran kowa ya sunkuyar da kai yana wasa da ƙasa. Mainasara na tsaye shi kaɗai cikin rana, zufa na bin wuyansa. Ladan ya dafa ƙasa zai yunƙura, Ɗantani ya danne masa kafaɗa.

"Zamna, tsoho. Ba kai ka buɗe muna aiki ba."

Sai makaɗin gayya, wanda ya zo da gangarsa kamar mai yawon kasuwa, ya saki kiɗan shiga gona. Kafin dagaci ya ɗaga kai, fili ya tashi gaba ɗaya. Ba a bayan juna suka fara tafiya ba, kafaɗa da kafaɗa suka taho kamar masu bin kunya a gona, har suka kewaye Mainasara.

Malamin ya ce, "Layi ake yi, ba sahu ba. Ku bi bayan juna in ƙidaya."

"Ranka ya daɗe, hakanan muka iya," in ji Ɗantani. "Ƙidaya mu a kwance."

Har dagaci sai da ya murmusa. Aka ƙidaya: Mainasara sittin da uku, Idi sha ɗaya.

Ladan ya je ya cire takalmi, ya durƙusa gaban dagaci ya yi gaisuwa. Dagaci ya daɗe yana duban mutanen da za su nome masa gandu bana.

"Albasar ɗanka ta yi kyau, Malam," in ji shi. "Ya ci gaba da ban ruwa."

A hanyar gida Ladan ya kama hannun rigar ɗansa.

"In ka tahi majalisa, ka gaishe su da ladabi, ka yi magana sannu. Amma zancen aikin hanyar nan, ka hwaɗe shi duka."