Laka Tsakanin Gari Biyu

Shekara goma sha tara Fasto yana jagorantar nazarin Littafi Mai Tsarki na ranar Laraba a coci, bai taɓa tara mutum ashirin ba. Ranar da dattawan coci suka gayyaci ƙanwarsa ta yi jawabi, sai da aka aro benci daga ajin yara.

Auta ake ce mata a gida. Aikinta tonon tsofaffin garuruwan da ƙasa ta binne, kuma kwanan nan ta dawo daga wani tono a ƙasar waje. Abin da jama'a ba su sani ba, Fasto ne ya fara samun gurbin wannan karatun, ciwon mahaifiyarsu ya tsare shi a gida. Da littattafansa Auta ta fara. Yanzu ga shi yana riƙe mata wayar na'ura tana haska hotuna a bango.

Ta nuna wani rami mai zurfi. Can ƙasa tubalan gidaje ne da tsingaro, a kansu laka mai kaurin da ya fi tsayin mutum, a kan lakar kuma wani garin ne daban.

Dattijon da ke gaba ya ɗaga sandarsa. "To ai ga ruwan tufana nan, mun gani da idonmu."

"Baba, da na so in ce maka haka ne," in ji Auta. "Amma garin da ke kusa da shi mun tona, babu wannan lakar. Abin da zan iya rantsewa a kai, ruwa ya ci garin nan, kuma mutanen yankin sun san ambaliya. Iyakar abin da shebur ya gaya mini ke nan."

Fasto ya duba fuskoki. Ko mai gyangyaɗi ɗaya babu. Har matarsa rubutu take yi a bayan takardar waƙa, ita da ba ta taɓa rubuta kalma ɗaya daga wa'azinsa ba.

"Wato dai, Dakta," in ji Fasto, yana jan kalmar, "kina gaya wa ikilisiya abin bai faru ba?"

Ya san ba haka ta ce ba. Shi kansa ya ja layi a ƙarƙashin wannan bayanin a littafinsa tun tana firamare.

Ta dube shi jim kaɗan. "Yaya, ban ce ba. Na ce ramin nan ba shi ne hujjar ba. Abin da labarin ke koya mana game da hukunci da jinƙai kuwa, kai za a tambaya, a bakinka na fara ji."

Wannan karamcin ya fi komai ƙona masa rai. Amma magana zarar bunu ce. Aka fara ƙus-ƙus, wata tsohuwa ta ja jikarta suka fita. Kafin a kulle ƙofa dattawa suka ja shi gefe, suka ce a soke zamanta na mako mai zuwa.

Ya samu abin da yake so, sai dai abincin yamma ya ƙi wucewa. Mahaifinsu, wanda ciwon ƙafa ya hana shi zuwa coci, ya tambayi yadda aka yi.

"Lafiya lau, Baba," in ji Auta. "An yi tambayoyi masu kyau." Ta kwashe kwanuka ta yi kicin.

Tsohon ya bi ta da kallo, sannan ya juyo. "Kai kuma me ka tambaya?"

Fasto ya tashi ya shige ɗakinsa.

Da safe ya bi dattawa gida-gida. Bai yi dogon bayani ba, ya ce shi ya murɗe maganar yarinyar, kuma ya san yana murɗewa. Dattijo mai sanda ya daɗe yana kallonsa kafin ya ce, "To Allah ya kyauta. A ce mata ta dawo."

Aka mayar da zaman. Amma da sakatare ya tambayi inda za a yi, Fasto ya ce babban zaure na buƙatar shara, a kai ta ƙaramin ɗakin baya mai kujera talatin. Ranar Laraba mutane suka cika ɗakin, sauran suka tsaya a tagogi, shi kuma yana daga ofishinsa da ƙofa a buɗe, yana jin muryarta sarai.