Matar Ginshiƙi Za Ta Tashi

Tun kafin a buɗe kwalin fiza Wendell Kowalczyk ya san taron ba na alheri ba ne, don kamfanin nasu na mujallun zane ba ya ciyar da marubuta sai in zai yanka wani abu nasu.

Trent Halvorsen, sabon shugaban da aka ɗauko daga wajen masu sayar da takalman wasa, shi ya yi bayani. Ya ce labarin Ginshiƙi, jarumin nasu mai ɗaga gada da hannu ɗaya, ya tsufa ya cukurkuɗe. Yaro zai sayi fitowar wannan wata, ya tarar sai ya san abin da ya faru tun kafin a haifi ubansa. Don haka za a share komai a koma lamba ta ɗaya, jarumin ya dawo saurayi, duk abin da ya taɓa faruwa bai faru ba.

Wendell ji ya yi kamar ya tofar da yawu. Ya san sana'ar nan ba ta da kunya: a kashe jarumi da rani, a tashe shi kafin Kirsimeti, a ce ashe mai kama da shi aka binne. Mutum ɗaya tak aka bari a kabarinta, Rosalind, matar Ginshiƙi. Wendell ne ya rubuta mutuwarta, shekarar da tasa matar, Dolores, ta rasu. Ba mugu ne ya kashe ta ba, ciwo ne, a gadon asibiti, mijin yana zaune ya rasa abin da zai ɗaga. Maganganun da ya sa a bakin Rosalind duk na Dolores ne, har mitar da take yi kan gahawar asibiti, kuma kowa a ofishin ya sani.

Aka shiga gardama. Wendell ya ce duk wanda ya yi kuka a kan fitowar da Rosalind ta mutu a ciki, yau za a ce masa wauta ya yi. Marisol Quiñones mai zane ta goya masa baya, ta ce wannan tonon kabari ne da cokalin shayi. Ɗakin ya rabu biyu, ya rage hannu ɗaya ya raba gardama.

"Tsoho, kai ne ba ka gane ba," in ji Trent, yana tauna. "In ba abin da ya faru, ai Rosalind ba ta mutu ba. Tana nan da ranta a shafin farko. Kuma kai za ka rubuta ta."

Wendell ya san tarko ne, amma muryar Dolores ta riga ta dawo masa kunne. Ya jawo takardar goge hannu ya rubuta abin da za ta fara faɗa in ta buɗe ƙofa: "Ka ci abinci kuwa?" Da aka ce masu goyon bayan Trent su ɗaga hannu, nasa ya tashi. Marisol ta kawar da kai.

Sai da aka gama tafi Trent ya haska tsarin shekarar a bango. Can ƙasa an rubuta mutuwar Rosalind, za a buga ta da bango kala-kala, har da mai ƙyalli na masu tarawa.

"Wannan fa?" Wendell ya tambaya.

"Haba, ita ce fa fitowar da ta fi kowace kasuwa, kuma yaran yanzu ba su gan ta ba. Amma ban da asibiti, yana sa barci. A wurgo ta daga saman bene. Wa zai iya kashe ta kamar kai?"

Ba Trent kaɗai Wendell yake ƙyama ba, har da kansa. Yana kallo shugaban ya lalubi tebur, ya ɗauki takardar nan da Wendell ya yi rubutu a kai ya goge maiƙon bakinsa da ita.